Sawu Uku a Ƙofar Miss Odessa

Ranar Talata aka wayi gari an fasa injin oda na gidan abincin Miss Odessa, kuma kafin shayin safe ya huce, duk masu shagunan Port Richmond sun gama yanke hukunci: Rashidu ne.

Gidan abincin na Baƙaƙen Amurka ne, irin girkinsu na gado da suke kira sol fud: soyayyen kifi, kaza, makaroni da cuku, burodin masara. Mutanenmu 'yan Nijar da 'yan Gana sun saba da wurin ne saboda Rashidu, wani ɗan Maraɗi mai fara'a da ya yi shekaru a kanta yana karɓar oda. In ka nuna abinci ya ɗan girgiza kai, ka san ba naka ba ne, sai ka nuna wani. To, a farkon hunturun nan Miss Odessa ta kawo inji. Abu ne tsaye kamar mutum, mai faffaɗan gilashi cike da hotunan abinci. Ka taɓa hoto, ka sa kati, ya tofo maka lamba, ka je ka jira a kira ka. An kafa shi a ɗan soron da ke tsakanin ƙofar titi da ƙofar ciki. Shi kuwa Rashidu aka mayar da shi wanke-wanke da kwashe ƙanƙara a bakin ƙofa, aka rage masa awoyin aiki.

To wa kuma za a zarga? Ga shi da shebur ɗin kwashe ƙanƙarar aka rotsa gilashin. Ga shi an gan shi da sassafe ya fito daga soron a guje. Biri dai ya yi kama da mutum.

Alkasim yana shirya huluna da safar hannu a kan teburinsa na bakin titi sai ga Kojo, kukun gidan abincin, wani Kirista ɗan Kumasi da ya tashi a gefen Zango, Hausa a bakinsa kamar ruwa.

"Massa, tashi. Madam yana kira."

Can gida, a dajin Abalak, Alkasim mai bin sawu ne, gadon ubansa. In an sace raƙumi ko an kore shanu, shi ake tasowa. A New York kuwa sana'ar ta zama abin tsokana, Sarkin Sawu ake ce masa a yi dariya, don wa ya taɓa ganin sawu a kan kwalta? Amma a daren jiya an zuba dusar ƙanƙara, ta tsaya kafin asuba, kuma mai kwashe ta ya gudu bai kwashe ba.

Miss Odessa tana tsaye daga ciki, dattijuwa mai kauri, ta rungume hannuwa, idanunta sun yi ja. Da Turanci ta yi magana, Kojo yana cike wa Alkasim inda ya ɓace.

"Mista Al, ba na son abin nan. Yaron nan kamar ɗa na ɗauke shi. Amma inshora ba za su biya ba sai da takardar 'yan sanda, su kuma 'yan sanda sai sun tambaye ni wa nake zargi. Kyamarata wajen karɓar kuɗi take kallo, ba ta ganin soro. An ce kai kana karanta ƙasa. Karanta mini. In aka kai lokacin abincin yamma ban ji wani suna ba, zan kira su."

Kowa ya san shari'ar takardun Rashidu tana gaban alƙali, kuma kamu guda ya isa ya rusa ta. Matarsa da ɗiyarsa suna Maraɗi suna jiran ranar da za a ce su taho.

"Kada kowa shi taka nan," in ji Alkasim. "Kuma kada a goge daɓen soron."

* * *

Ya tsuguna a bakin ƙofar, mutane suka yi masa zobe suna leƙe. Sawu uku ne. Na farko babba, da layin tayar amalanke a gefensa: mai kawo burodi ne, wanda ke buɗe ƙofar titi da asuba ya ajiye kaya ya bar ta a buɗe. Wannan ya shiga ya fita abinsa, sauran biyun a kan nasa suka taka.

Sauran biyun ne matsala, don takalmi iri ɗaya ne, baƙin but mai zanen ƙashin kifi a tafinsa, girma ma ɗaya. Ɗaya ya zo da sauri, ya shiga, ya fito da gudu har santsi ya kwashe shi a gefen kwata. Ɗayan ya zo a hankali daga wajen tashar bas, taku gajeru, duga-dugai suna jan ƙasa. A bakin ƙofar sawun nasa ya cakuɗe, kamar wanda ya tsaya ya yi ɗan tattaki wuri guda kafin ya shiga. Alkasim ya daɗe yana kallon wurin nan bai gane kansa ba.

"Ai duk na Rashidu ne," wani ya ce daga baya. "Ya zo ya fasa, ya tahi, ya dawo ganin aikinsa."

"Mutum guda ba shi da tahiya biyu," in ji Alkasim, ba tare da ya ɗago ba.

Ya bi mai gajeren takun har tashar bas, inda ƙafafun jama'a suka dame komai ya zama taɓo. Nan sawu ya ƙare. A daji da sai ya zagaya ya tsinto shi a gaba, amma raƙumi ba ya hawa bas.

* * *

Ya sami Rashidu a ɗakin da yake haya a bayan wani shagon aski, zaune a bakin katifa da jaket a jikinsa, kamar mai jiran a zo a tafi da shi. But ɗinsa na bakin ƙofa, zanen ƙashin kifi.

"Yaya Alkasim, wallahi tallahi ba ni ba ne."

"Ban ce kai ne ba. Mi ya sa ka gudu?"

"Na zo kwashe ƙanƙara, ban ga shebur a waje ba. Na tura ƙofa, sai ga shi a ƙasa, gilashi ko'ina. Na ɗauka ma, na riƙe shi da hannuna, ka ji wauta! Sai na tuna abin da na ce."

"Mi ka ce?"

Rashidu ya sunkuyar da kai. "Ranar da aka kawo shi na ce a gaban mutane, Allah shi sa wuta ta cinye shi. Kowa ya ji. Yaya, mutum ne fa aka ɗauke daga gaban jama'a aka kai shi wajen tukwane. Har yau in ɗiyata ta kira ta ce in nuna mata wurin aikina, sai in ce netuwok babu kyau."

Alkasim ya ce ya tashi ya yi tafiya daga katifa zuwa ƙofa. Rashidu ya yi, yana mamaki. A kan yatsu yake tafiya, irin ta samari masu sauri. Ko an ɗaura masa buhun gero ba zai ja duga-dugai ba.

"Ka zo gidan abincin bayan la'asar," in ji Alkasim. "Kada ka gudu. In ka gudu ka gama yi musu aikin."

* * *

But ɗin kuwa duk daga shago ɗaya suka fito, na Nasser, wani ɗan Yamai mai baki kamar rediyo. Shi ma yana da nasa dalilin, don ranar farko injin ya ƙi karɓar katinsa a gaban layi, ya yi ta zaginsa da Faransanci har da shuri.

"Bon, na shure shi," in ji Nasser. "Kuma da na san za a fasa, da na ba da gudummawar guduma. Amma ni da asuba? Ni da sallar ma sai madam ta yayyafa mini ruwa? Je ka tambaye ta."

"Wa da wa ka sayar wa but ɗin nan, babbar lamba?"

Nasser ya fashe da dariya. "Sarkin Sawu, ka tambayi wa ban sayar wa ba! Rabin masallaci shi suke sawa. Tsofaffi duk babba suke ɗauka don huffi shi shiga. Kai ma ba ka sayi guda biyu ba? Kai dai ka bar wahal da kanka. Yaron nan ne, talauci ya taɓa shi. Mu dai a yi a gama kada a ce duk 'yan Nijar haka muke."

Alkasim ya dubi ƙafar Nasser. Ƙarama ce kamar ta mace, cikin takalmin fata mai tsini. Ya fita bai yi sallama ba, ransa a ɓace. Rana ta yi tsaka, ba shi da komai a hannu sai tsoho marar suna da ya hau bas.

* * *

A masallacin Stapleton abin ya zo masa, kuma ba a sahu ba, a ƙofar bayan gida. Ya taho zai kama ruwa kafin azahar, ƙafarsa ta dama ta riga ta kai bakin ƙofa, sai ya ja ta baya, ya gyara tsayuwa, ya shiga da hagu. Abin da kowane ɗan Musulmi ke yi tun yana yaro ba tare da tunani ba: wurin ƙazanta da hagu ake shigarsa, a fito da dama.

Ya tsaya cak. Ɗan tattakin nan ke nan.

Ana sallamewa ya koma Port Richmond. Daɓen soron ya bushe, gishirin da ake watsawa a titi ya fito da kowane sawu fari tas. Ga shi nan: na farko daga ciki, hagu. Na farko a waje wajen fita, dama. Mutumin da ya zo a fusace da niyyar ɓarna, amma ya tsaya ya sauya ƙafa. Wannan ba haushin aiki ba ne, ba kuma haushin kati ba. Wannan mutum ne da yake ganin wurin najasa ne.

Ya zagaya ta baya ya sami Kojo yana yanka albasa.

"Kojo, mi ke cikin gidan nan da Musulmi ba ya ci?"

"Ei, kai ma ka sani. Haƙarƙarin prako. Alade. Amma wannan kowa ya san shi da ido." Ya ɗan tsaya. "Sai ganye."

"Wane ganye?"

Kojo ya buɗe wata babbar tukunya. Dafaffen ganye ne kore shar, wanda suke kira kolad, yana ƙamshin hayaƙi. "Da ƙafar prako ake dafa shi tun safe. In ya nuna sai a cire ƙashin. An rubuta a ƙarƙashin hoton, amma wa ke karantawa? Da Rashidu yana kanta ba ya bari ku taɓa."

Ƙamshin ya daki hancin Alkasim. Ya san ƙamshin nan.

"Cikin kwanakin nan, akwai namu da ya saya?"

"Jiya da yamma. Wani tsoho. Yarinyar da ke miƙa kaya ya tafi gida, ni na fito da ledar. Na ga hula da carbi, na ce, Alhaji, wannan akwai prako fa. Chale, ka ga fuskarsa? Ya tambaye ni, kullum haka ake dafawa? Na ce kullum. Ya ce, har na ranar Lahadi? Sai na tuna Lahadi an yi odar manyan tire na ganye, har na ƙara tukunya. Na ce masa e. Ya ajiye ledar a kanta ya fita, ko kuɗinsa bai nema ba."

"Ka san shi?"

"Sunansa ban sani ba. Mai farin gemu, wanda ke sayar da turare da dabino a Park Hill."

Alkasim ya dafa bango. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Lahadi aka yi sadakar arba'in ta surukarsa, uwar matarsa Shafa'atu, wadda ta rasu can Tawa. Shafa'atu ta dafa shinkafa da nama, amma mahaifinta, Alhaji Ismaël mai shagon turare da dabino, ya ce shi ma sai ya kawo wani abu da hannunsa. Ya shigo masallaci da tire-tire na ganye, aka ci aka suɗe, ana cewa rabon da a ci irin wannan tun gida. Alkasim kansa sai da ya ƙara.

But biyun da ya saya a wajen Nasser, ɗaya na ƙafarsa, ɗayan na Alhaji. Sawun kowa a Park Hill ya sani, har na karen maƙwabta, ban da na mutum ɗaya. Suruki ne. In ya hango shi tafe sai ya sauya hanya, in sun haɗu sai ya durƙusa idonsa a gefe. Shekara da shekaru suna gida ɗaya bai taɓa yarda ya kalli tafiyarsa ba, sunansa ma bai taɓa fita daga bakinsa ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kamar shi aka kama da shebur ɗin.

* * *

Ya hau bas zuwa Park Hill. A bakin ƙofar ɗan shagon ya durƙusa, bai shiga ba. Alhaji Ismaël yana zaune a bayan kwalaben turare yana jan carbi. Mutum ne da ya haddace Alƙur'ani, shi ke jan salla in liman ba ya nan, shi ake kira raɗin suna da sulhun aure.

"Baba, barka da yini."

"Barka kadai. An tashi kasuwa da wuri?"

"E, Baba." Ta ina ake fara irin wannan? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya sani. Zai iya komawa ya ce sawu ya ɓace a tashar bas, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai fuskar Rashidu ta faɗo masa, zaune a bakin katifa da jaket. "Baba, yaron nan Rashidu. Matar za ta kira mishi polis bayan la'asar. An ce dattawa su zo."

Carbin ya tsaya. Ya ci gaba.

"Allah shi kyauta," in ji Alhaji.

Alkasim ya jira ko za a ƙara wani abu. Ba a ƙara ba. Ya tashi da baya-baya ya bar wurin.

* * *

Miss Odessa ta rufe gidan abincin ta haɗa tebura. Rashidu yana gefe guda shi kaɗai, ba wanda ya zauna kusa da shi. Nasser ya zo da 'yan kallo, masu shaguna sun cika kujeru, Kojo yana tsaye a ƙofar kicin don fassara. Ana shirin farawa sai ga Alhaji Ismaël. Aka tashi aka ba shi kujerar gaba, kamar kullum.

Alkasim ya tsaya inda ba zai fuskance shi ba. Ya yi bayanin sawu uku. Ya ce mai burodi ya riga kowa, ya ce Rashidu ya zo daga baya ya tarar da ɓarna, ya ce na tsakiyar tsoho ne mai jan duga-dugai, kuma da hagu ya shiga, da dama ya fita.

Kowa a nan ya san ma'anar wannan, ban da Miss Odessa, sai da Kojo ya raɗa mata. Fuskarta ta sauya.

"Kicin ɗina ne bayan gida?" ta ce a hankali.

"Voilà, tatsuniya ta yi daɗi," in ji Nasser. "Tsoho, hagu, dama. Tsofaffi nawa ne a Staten Island? Sarkin Sawu, suna ake so. In babu suna, a bar mata ta yi kiranta mu koma kasuwa."

Miss Odessa ta ɗauki wayarta ta ajiye a kan tebur, hannunta a kai. "Mista Al, ka san shi ko ba ka san shi ba?"

Alkasim ya dubi Rashidu, ya ga leɓɓansa suna motsi, addu'a yake. Ya saurari kujerar gaba, ba motsi. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige ya gode mata.

"Na san shi," ya ce. "Ni na saya mishi takalmin. A gidana yake..."

"Bari."

Alhaji Ismaël ne. Ya dafa tebur ya miƙe.

"Bari, ɗana. Kada ka ɗauki wannan a bakinka, ba naka ba ne. Ni ne."

Wani ya yi salati da ƙarfi. Alhaji bai dubi kowa ba, bango yake kallo.

"Na zo ranar Lahadi neman abin sadakar uwar 'ya'yana. Na tarar babu mutum, sai inji. Ga layi a bayana, yara matasa suna jira. Ku duka kun ɗauka ina karanta boko. Ba na karantawa. Shekarun da na yi a ƙasar nan, in an ba ni takarda sai in ce na manta tabarau. Na ji kunyar in juya in ce wa yaro karanta mini. Sai na ga hoton ganye, irin wanda take dafa mini da ƙuli. Na ce wannan ai nata ne. Na taɓa." Ya damƙe carbinsa. "Da alade aka dafa shi. Shi na kai muku ɗakin Allah. Shi kuka ci kuka yi mata addu'a a kai."

Nasser, wanda ranar Lahadi har guzuri ya ƙulla a leda ya kai wa madam, ya toshe baki da hannu, ya zauna daɓas. Wani dattijo ya yi ƙarfin hali ya ce, "Alhaji, ai babu laifi a kan wanda bai sani ba."

"Na sani. Ni na koya muku wannan. Ba zunubin ne ya hana ni barci ba. Mace ta yi zaman aure da ni tun tana yarinya, na bar ta can ina nan, ta mutu ban riƙe hannunta ba. Abu guda da ya rage in yi mata, shi ne na yi da alade. Da na fito sallar asuba ban san inda ƙafata ta kai ni ba sai da na ga shebur a hannuna." Ya numfasa. "Wannan duk da sauƙi. Tun safe nake jin ana kiran sunan yaron nan, na yi shiru. Surukina ya zo har ƙofata ya faɗa mini, na ce Allah shi kyauta. Wannan kam da sanina na yi shi."

Kojo ya gama fassarawa. Miss Odessa ta janye hannunta daga kan wayar, ta zauna.

"Ya Ubangiji," ta ce. "Kakata ce ta koya mini ganyen nan. A jana'izarta ma shi muka ci." Ta share ido da gefen atamfar girkinta, ta dubi Rashidu. "Shekara nawa kana tsaye a can kana tsare mutanenka, ni ban ma san aikin da kake yi ke nan ba. Ba zan kira kowa ba. Gilashi ne, ni da dattijon nan za mu daidaita. Gobe ka koma kanta."

Rashidu ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza. Waɗanda suka yini suna kiran sunansa kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Sai Alhaji Ismaël ya taka a hankali, ya zagaye tebur, ya je gaban Rashidu. Mutumin da duk unguwa ke durƙusa wa, ya kama gefen kujera, ya sauke gwiwoyinsa a kan daɓe.

"Ɗana, ka yahe mini."

"Baba, don Allah tashi! Baba, don girman Allah!" Rashidu ya zube shi ma yana ƙoƙarin ɗaga shi, yana kuka kamar yaro.

Alkasim bai ga ƙarshen abin ba. Ya juya baya tun gwiwar farko ba ta kai ƙasa ba, ya fita ta kicin.

* * *

Bai jira bas ba, da ƙafa ya tafi har Park Hill, ya isa ana kiran magariba a wayoyin mutane. Tun daga matattakala yake jin ƙamshin miyar Shafa'atu. Ya buɗe ƙofa, ya tsuguna yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe a kan igiya ɗaya.

Ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, fuskarta a sake.

"Sannu da zuwa. Tun rana mata ke kirana, wai mijina ya zama ɗan sanda. Baba ma bai dawo ba har yanzu, ga tuwonsa na rufe. An gano shi?"

"An gano."

"Alhamdu lillahi, Rashidu ya huta. To wane marar kunya ne?"

Alkasim ya miƙe da takalmi ɗaya a hannu. Ya dubi kwanon da ta rufe da faifai a kan tebur, ya dube ta.

"Kashe wutar, Shafa'atu," ya ce. "Zo ki zauna."